Lambar Alhaji Sammani

A Fagge, idan aka tashi kwatanta Alhaji Sammani mai shadda, ba a farawa da tsawonsa ko da girman shagonsa. Cewa ake yi, "Wannan da bai taɓa ba wa kowa haƙuri ba." 'Yan dakon Kantin Kwari sun ce in ya taka maka ƙafa, zai tsaya ya tambayi lafiyar ƙafar, ya tambayi mutanen gida, har goro zai ba ka, amma kalmar nan ba za ta fito ba. Wani mai adaidaita sahu ya rantse cewa ranar da Alhaji ya buɗe ƙofar mota ya fasa masa madubi, sabon madubi ya saya masa, ya ɗora masa yadin shadda a kai, sannan ya dube shi ya ce, "Ka riƙa kula." Matarsa Hajiya Falmata kuwa cewa take ita ba ta da ƙorafi, domin duk atamfar da ke cikin akwatunanta, in aka bi tarihinta, wani laifi ne aka yi mata.

In ka ɗauke wannan, mutumin kirki ne. Kakansa ne ya taso daga Barno ya yada zango a Fagge, shi kuma ya gaji sayar da yadi da rashin yawan magana.

A Sabon Gari da wani abu daban aka san shi. Can akwai wani mai gyaran keken ɗinki, Onyekachi, haifaffen unguwar, wanda Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'yan cikin birni daɗi. Shekarun baya, tun gashin kansu bai fara fari ba, Sammani ya kai masa keken Hajiya gyara, ya tarar da shi zaune shi kaɗai gaban wani allo mai gidaje baƙi da fari, yana tura 'yan gumakan katako. Darar Turawa ce, wadda masu yin ta ke kira ces. Sammani ya tsaya kallo, ya yi tambaya ɗaya, aka ba shi kujera. Keken Hajiya ya daɗe bai koma gida ba, domin kullum sai an sami dalilin sake dawowa duba shi.

Tun daga nan duk ranar Asabar bayan la'asar, a rumfar kwano da ke bayan shagon Onyekachi ake samun su. A hankali wasu suka riƙa zuwa, har rumfar ta zama kulob: Cyprian mai kemis, da Malam Abdulƙahhar tsohon malamin lissafi, da teloli da 'yan kasuwa. Onyekachi ya ajiye tabarma da buta saboda masu salla. Duk faɗin Kano, shi kaɗai ne ke kiran Alhaji da sunansa haka nan, ba ado.

"Sammani, ga bishof ɗina nan tafe, ka gyara masa wurin zama."

"Wannan liman ne, ba bishof ba. Kuma yanzu dokina zai raka shi gida."

Haka suke yi har a kira magariba. Onyekachi ne ya fi yawan ci, domin shi ya koya masa, ya san duk inda tunaninsa ke bi. Amma a lokacin ba wanda ke riƙe wa ya ci wa ya faɗi. Kafin Asabar ta zagayo an manta.

Abin ya soma lalacewa ne lokacin da Malam Abdulƙahhar ya yi ritaya, ya rasa abin da zai lissafa. Wata Asabar sai ga shi da baƙin allo da alli, ya ce daga yau kowa zai sami lamba, yadda ake yi wa manyan 'yan wasa na duniya.

"Kowa zai fara da dubu ɗaya da ɗari biyar," in ji shi. "Lambar nan hasashe ce. Tana faɗa mana wanda ya kamata ya ci wani. In lambarku ɗaya, ba a san mai ci ba, saboda haka wanda ya yi nasara zai karɓi maki goma. In ka ci wanda ya fi ka, ka yi abin da ba a zata ba, sai ka kwashi da yawa. In ka ci na ƙasa da kai, dama abin da ake tsammani ke nan, ɗan kaɗan za a ɗiga maka. Amma in na ƙasa ya kayar da kai, to za ka ji a jikinka."

Cyprian ya ce, "Malam, makin daga ina yake fitowa?"

"Daga jikin wanda aka cinye. Abin da wannan ya samu, shi wancan ya rasa. A wasannin farko kuma za a ninka komai, don lambar ta yi saurin gano matsayin kowa. Sharaɗi ɗaya: duk wasan da aka buga a rumfar nan, yana cikin lissafi."

Aka shirya gasar buɗewa. Sammani ya tashi da sa'a a makon, ya ci wannan ya ci wancan, ga shi kuma ana ninkawa. A wasan ƙarshe aka haɗa shi da wani baƙo, likita daga Kaduna, mai lamba ta gaskiya sama da dubu biyu, wanda ya gama share kowa kamar yana sharar tsakar gida. Bai ɗauki lokaci ba ya cinye sarauniyar Sammani, ya kora sarkinsa lungu. Yana ɗaga hannu zai ƙarasa shi, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Malam Abdulƙahhar ya miƙe da littafin doka a hannu. Dokar gasa ta ce duk wanda wayarsa ta yi ƙara a tsakiyar wasa, ya faɗi. Likita ya yi dariya, ya miƙa wa Sammani hannu, ya fita amsa kiran surukarsa.

Da aka gama lissafi, sunan Alhaji Sammani ne a saman allo: dubu ɗaya da ɗari shida da arba'in. Aka ɗauki hoton allon aka tura a wayoyin 'yan kulob. Sammani ya buɗe hoton a mota, ya buɗe shi a ƙofar gida, ya sake buɗe shi bayan ya ci tuwo. Tun da yake, ba a taɓa rubuta sunansa a saman komai ba in ban da allon shagonsa, shi ma shi ya biya mai fenti. Batun wayar likita kuwa, kafin mako ya zagayo ya fara fita daga labarin in yana ba da shi.

Shi Onyekachi bai canza hali ba. Kowa ya zo zai buga da shi, yana wasa yana ɗaure noti, yana jefar da doki don ya ga abin da zai faru. Lambarsa ta riƙa gangarowa har ta kai dubu ɗaya da ɗari huɗu, ko a jikinsa.

Wata rana Sammani ya ja Malam Abdulƙahhar gefe, bayan tulin tsofaffin kekuna.

"Malam, tambaya ce kawai. In na ci Onyekachi yanzu, nawa zan samu?"

Malam ya lumshe ido. "Huɗu."

"In shi ya ci ni fa?"

"Goma sha shida za su tafi."

"Canjaras?"

"Za ka ba shi shida."

"Canjaras ɗin ma asara ce?"

"Ai lambarka ta yi alkawarin za ka ci shi, Alhaji. In ba ka cika ba, sai ka biya."

Sammani ya tuna cewa a wasa uku, mutumin nan yakan ci shi biyu, ko me allo ya ce. A Kantin Kwari in aka kawo masa ciniki irin wannan, ko shayi ba zai saya wa dillalin ba.

"To in mutum bai buga ba sam?"

"Lambarsa ba ta motsi. Inda ya bar ta nan zai same ta."

Asabar ta gaba, kaya suka iso shago, dole ya tsaya. Ta gaba da ita, ɗaurin aure a Kurna. Sai ciwon baya. Sai cunkoson shataletalen Bata, wanda ya ce ya hango shi tun daga nesa ya juya. Ya yi tunanin ya ce wa Onyekachi su riƙa haɗuwa a wani wuri inda ba a lissafi, amma in ya faɗi haka sai an tambaye shi dalili, dalilin kuma ba ya faɗuwa. Onyekachi ya riƙa kira. Daga baya ya koma aiko da saƙo: "Sammani, kujerarka ta fara tambaya." Daga baya saƙon ma ya tsaya.

Da shirun ya dame shi, Sammani ya zaɓi shadda mai tsada, ruwan toka, ya ba mai adaidaita ya kai Sabon Gari. Kafin magariba amsa ta zo a waya: "Na ga shadda. Laifin me ka yi?"

Sammani ya mai da wayar aljihu.

Wadda abin ya fi shafa ita ce Hajiya Falmata. Shekara da shekaru yammacin Asabar nata ne: ta yi kitso, ƙawayenta su zo, a baje a tsakar gida. Yanzu ga maigida zaune a kan kujera, yana tambayar me ya sa aka ajiye turmi a nan, wa ya bar famfo yana ɗiga, wannan baƙuwar 'yar gidan wace ce.

"Alhaji, yau ma ba za ka je wajen mutumin naka ba?"

"Ke ba za ki gane ba. Lissafi ne."

Ya jawo tire, ya jera dabino, ya yi mata bayani: huɗu in ya ci, goma sha shida in an ci shi. Ya yi mata wannan bayanin a Asabar ɗin, ya maimaita a ta gaba, ya sake a wadda ta biyo, har ta kai tana ƙarasa masa jimla kafin ya kai ƙarshe.

Wata rana tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "To da a ce lambarsa ta fi taka fa?"

"Ai da tuni ina can. In ka ci wanda ya fi ka, nan riba take."

"Allah Sarki," in ji Hajiya. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Washegari da yamma ta ce za ta leƙa Sabon Gari ta duba Nkechi, matar Onyekachi, ta ji an ce ƙafa na damun ta.

Ba a jima ba hoton allo ya fara zuwa da abin mamaki. Onyekachi ya ci Cyprian. Onyekachi ya ci Malam Abdulƙahhar. Onyekachi ya ci teloli biyu a yini ɗaya. Da farko Sammani ya yi murmushi, ya ce sa'a ce, ya san yadda take. Amma mako na bin mako, sunan yana hawa kamar mai hawan tsani, ya wuce tsakiyar allo, ya shiga cikin biyar na sama, ya zo ya tsaya daidai ƙarƙashin nasa. Sammani ya daina buɗe hoton a gaban mutane. Ya riƙa tambayar kansa ko mutumin ya sami wani littafi ne, ko kuwa waya ce ke koya masa.

Wata Lahadi da safe hoton ya zo. Onyekachi, dubu ɗaya da ɗari shida da sittin. Alhaji Sammani, yana nan inda yake, amma yanzu da suna a kansa.

Hajiya ta kawo masa koko da ƙosai. "Na ji an ce yanzu kai ne na biyu. Ai na biyu ma mutum ne, Alhaji."

Shi lissafi yake yi, kuma lissafin ya yi masa daɗi. Tazarar ashirin ce kawai. In ya ci, goma sha ɗaya za su baro Onyekachi su zo gare shi, ya koma sama da ci ɗaya tak. In ya faɗi, tara ne, kuma ba abin kunya ba ne na biyu ya faɗi a hannun na ɗaya. Matsalar ita ce yadda zai shiga rumfar bayan wannan dogon ɓacewa. Ranar Asabar, Hajiya na salla, ya shiga ɗakinta ya kwance noti ɗaya daga jikin tsohon kekenta, ya jefa a aljihu, ya sa aka ɗora kan keken a mota.

"Keken nan lafiyarsa ƙalau jiya," in ji ta daga bakin ƙofa.

"Ƙara yake yi. Ke ba kya ji."

"Haka ne. A gaishe su."

Ya bi ta Titin Ibrahim Taiwo, ya ratsa Bata, cunkoson da ya hana shi zuwa watanni bai ko tsayar da shi ba. Rumfar tana nan yadda ya san ta: warin man keke, tabarma a naɗe, janaretan mai askin da ke maƙwabtaka yana ta ruri. Yana shiga hira ta tsaya. Cyprian ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa da kyau. Malam Abdulƙahhar ya juya yana goge wani gefen allo da babu rubutu a kai.

Onyekachi ya miƙe, ya goge hannu da tsumma. "Sannu da zuwa, Alhaji. Ranka ya daɗe."

Sammani bai taɓa jin kalmar Alhaji daga bakin mutumin nan ba sai yau. Ya ajiye kan keken a teburi ya ce ƙara yake yi. Onyekachi ya juya shi sau ɗaya, ya leƙa ƙasansa.

"Notin yana aljihunka, ko ka baro shi a gida?"

Wani tela ya yi tari. Sammani ya zaro notin ya ajiye ba tare da ya dubi kowa ba.

"Tun da na zo," in ji shi, "ko za mu taɓa ɗaya?"

"Yadda ka ce, Alhaji."

Aka kawo kujerarsa. An ɗinka mata riga da shadda ruwan toka, har da aljihu a gefe. Ya zauna a kan shaddarsa, aka jera 'ya'yan dara, mutane suka kewaye su.

Wasan ya fara, amma ba irin wanda ya sani ba. Ba wanda ya ce masa bishof na tafe. Ba a fasa goro an miƙo masa rabi ba. Onyekachi yana tura ɗa, ya naɗe hannu, ya jira. Sammani ya gwada: "Limamin nan naka ya yi nisa da gida." Aka ce masa, "Haka ne, Alhaji." Shi ke nan.

Ya mai da hankali kan allon wasan, yana jiran sabon makamin da ya kayar da kulob gaba ɗaya. Bai gan shi ba. Onyekachi na jiya ne: yana fito da doki gefe, yana jefar da soja don ya ga abin da zai faru. Yau ma hankalinsa kamar ba a wurin yake ba, ya bar sarkinsa a buɗe. Sammani ya cinye soja, ya cinye doki, ya kutsa da sarauniya. Can ya duba ya ga saura taku ɗaya sarkin Onyekachi ya mutu. Goma sha ɗaya na nan a gabansa, sai miƙa hannu.

Ya ɗago kai don ya ga inda za a mai da sunansa. A nan ne ya kalli baƙin allon da kyau, ba samansa kaɗai ba. Cyprian, wanda ya saba zama na uku, ya gangara can ƙasa. Malam Abdulƙahhar na ƙarƙashinsa. Duk kulob ɗin sun zube, kamar an buɗe musu rami, mutum ɗaya ne ya hau.

Ya janye hannunsa. "Cyprian, kai da ba ka taɓa barin soja a banza ba. Da wannan wasan ya riƙa cin ka?"

Cyprian ya yi ƙoƙarin danne dariya, kafaɗunsa suka fara rawa, daga nan dariyar ta ƙwace masa. "Alhaji, wallahi na wahala. Ka san wuyar da ke cikin ajiye sarauniya a bakin doki, ka kuma yi kamar ba ka gani ba? Wata rana na ajiye masa ita bai lura ba, sai da na yi ta kallon wurin ina tari."

"Kuma yana hawa, kyautar tana raguwa," in ji Malam Abdulƙahhar cikin baƙin ciki. "Da farko duk wanda ya faɗi yakan ba shi goma sha uku. Da ya wuce mu, sai ta koma biyar, ta koma huɗu. Sai da muka riƙa faɗuwa sau biyu a yini. Ni abin da na gani na lissafa, Alhaji. Lissafin bai yi ƙarya ba, mu muka yi masa. Yanzu allon nan ba ya hasashen komai."

"Wa ya kawo wannan shawara?"

"Madam Nkechi ce ta faɗa mana," in ji Cyprian. "Ita kuma ta ce Hajiya ce ta zo da dabino ta yi mata bayani. Wai Hajiya ta ce a gida ta yi karatun."

Aka yi dariya, har da masu leƙe daga shagon aski. Sammani ma ya buɗe baki zai yi, don abin ya wuce a wasa, sai ya ga mutum ɗaya bai yi ba. Onyekachi yana juya mataccen dokinsa a hannu.

"Ni da farko ban gane ba," in ji shi a hankali. "Na ɗauka na ƙware da tsufa. Har na dami Nkechi da labari. Da na gane, na ce su daina ɓata lokacinsu. Na ce musu na san mutumin nan tun ba shi da furfura, aiki ne ya riƙe shi, in ya sami sarari zai zo ko da ina can ƙasan allo. Na ce ba kifi ba ne da za a jefa wa ƙugiya. Suka ce mu gani. Na ce to ku ci gaba, ku za ku ji kunya." Ya ajiye dokin. "Satin da na wuce ka, sai ga ka da keke."

Janaretan mai aski yana ta ruri.

Sammani ya dubi allon wasan. Ya miƙa hannu, ya bar sarauniyar da za ta ƙarasa aiki, ya kama kan sarkinsa zai kwantar da shi, alamar ya sallama. Onyekachi ya riƙe masa wuyan hannu.

"Kada ka soma. Na ƙoshi da sadakar maki. Watanni ina ci, har ta gundure ni. Ka ci wasanka, ka karɓi goma sha ɗayanka, Malam ya mai da kai sama."

"Ba na so."

"To bar shi a tsaye."

Sammani ya saki sarkin. Ya gyara hula. Ya ce, yana kallon teburi, "Akwai wani leshi da ya shigo jiya, na ga zai dace da Madam..."

"Tana da leshi."

"Rumfar nan ma kwanonta ya tsufa. Kafin damina zan turo..."

"Ba ta zuba, Alhaji."

Ya duba dama, ya ga Malam. Ya duba hagu, ya ga Cyprian ya naɗe hannu yana jira kamar mai jiran a kira lambarsa a asibiti. Duk abin da ya saba biya da shi an mayar masa, ɗaya ma yana zaune a kai. Ya tuna yammacin Asabar ɗin da ya ƙarar yana ƙirga ɗigon famfo a gida, alhali mutumin nan yana nan yana rantsuwa a kansa. Ya sunkuya kusa da allon, leɓɓansa suka motsa.

Onyekachi ya karkato kunne. A gefen bakinsa wani abu ya fara motsi, irin wanda ke zuwa in ya hango tarkon da ya ɗana ya kusa kamawa.

"Ban ji ba. Janaretan nan ya cika ƙara." Ya ɗaga murya ya kira mai askin. "Ifeanyi, don Allah kashe mana injin nan minti ɗaya, Alhaji zai yi magana."

Janareta ya yi tari ya mutu. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ma ya biyo shi da rabin kai. Cyprian ya fara laluben waya, Malam Abdulƙahhar ya buge masa hannu. Daga nesa ana jin hon ɗin adaidaita a titi.

Alhaji Sammani ya miƙe tsaye, domin ya ga abin ba na zaune ba ne. Ya dubi abokinsa ido cikin ido, ya yi gyaran murya, ya faɗa yadda har na bakin titi zai ji.

"Onyekachi, na guje ka saboda alli a jikin allo. Ka tsaya mini, na ba ka kunya. Ban kyauta ba. Don Allah ka yi haƙuri."